To, Serena Ma Talaka Ce?

Na san halinka, Malam Mai Gardama. Da an ce Amurka sai ka hango asibitin da ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya shiga. To gyara zama. Hukumar kula da cututtuka ta ƙasar, CDC, da kanta ta ce baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa a ciki da haihuwa kusan ninki uku. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙe kusan 70 ne suka rasu, farare kusan 27.

Ka ce talauci ne? Madalla! Tauraruwar tennis Serena Williams ma bara take yi ke nan? A 2017, washegarin da aka yi mata tiyatar haihuwa, numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san ciwonta, domin jini ya taɓa daskare mata a huhu. Ta ce a ɗauki hoton ƙirjinta, a ɗaura mata maganin tsinka jini. Aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya sa ta sambatu. Sai da ta kafe aka duba, ga gudajin jini a huhu. Matar da duniya ke yi wa tafi, a gadon asibiti sai da ta yi roƙo kafin a saurare ta.

Ka ce rashin ilimi? Shalon Irving tana da digirin digirgir, a CDC ɗin ma take aiki. Ta yi ta komawa asibiti da kumburi da hawan jini, ana sallamarta. Mako uku bayan haihuwa ta rasu.

Au, yanzu ka koma "ai mu baƙaƙe jikinmu da juriya"? Ashe ɗan ajinsu ne kai! Binciken Jami'ar Virginia na 2016 ya gano kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da irin wannan tatsuniya, har da cewa fatarmu ta fi kauri.

Kuma tatsuniyar tana da kaka. Tiyatar yoyon fitsari da matanmu suka sani, likita J. Marion Sims ya gwada ta ne a kan bayi mata a Alabama a shekarun 1840, ba maganin kashe zafi. Anarcha kaɗai kusan sau 30 aka yanka ta. Ka ce tsohon labari ne? Gunkin Sims bai bar filin shaƙatawa na Central Park ba sai 2018, lokacin kana nan kana gardama a Facebook.