Jinjina ga Karatun Aku a Ajin Lissafi

Ranka ya daɗe, Karatun Aku, gagara-gasa, mai ajin lissafi tun daga Ogba har Agege! Wanda bai yaba maka ba bai san nauyin aikinka ba. Ai sai gwani ne zai karɓi ɗan Zangon Agege, jikan fataken goron da suka cika garin bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, yaron da ke ba da canji ba ya ko duban yatsunsa, kafin hutun ƙarshen shekara ya sa shi yana rantsuwa cewa kansa ba ya ja a lissafi.

A zo ƙaramar sakandare a ga iya aiki. An rubuta 2x + 3y = 12 a allo, ana neman inda miƙaƙƙen layi zai yanki layin tsaye da inda zai yanki na kwance. Sai ka ba da waƙa: a mai da x sifili a sami y, a mai da y sifili a sami x. Aji ya ɗauka baki ɗaya, har na bencin baya da ba su hango allon. An sami 4, an sami 6, an ɗiga ɗigo biyu, an ɗora rula an ja layi. Madalla! Babu wanda ya tambayi me ya kawo sifili, wanda kuwa ya ɗaga hannu zai ji an ce lokaci ya ƙure. Amsar ba ta wuce numfashi ɗaya ba: duk ɗigon da ke kan layin tsaye bai matsa dama ko hagu ba, shi ya sa x ɗinsa sifili ne. Ka yi dabara da ka ɓoye ta, don ranar da yara suka ji wannan, ranar ka rasa rawaninka.

Babbar bajintarka ita ce katangar da ka gina tsakanin aji da gida. Yarinyar da ke zaune shiru a gefen taga, da safen nan uwarta ta aike ta shago da naira 1,200. Ƙullin sikari 200 ne, ƙwai 300. Tun kafin ta sa takalmi ta san in ƙwai kaɗai za ta sayo huɗu ne, in sikari kaɗai ƙulli shida ne, in kuma za ta haɗa, to sikari uku da ƙwai biyu. Huɗun nan da shidan nan su ne na allo, ba ragi ba ƙari, ukun da biyun ma ɗigo ne a kan layin da aka ja. Ta warware darasin da silifas a ƙafarta, amma ka kiyaye sirrin har ta tashi daga aji tana ganin kanta daƙiƙiya. Kai, wannan riƙon amana da yawa yake!

Haka ɗan mai shayin da ubansa ya karɓi kayan 30,000 bashi a hannun dila, yana biyan 5,000 duk mako. Inda layi ya taɓa na tsaye shi ne bashin ranar farko, inda ya sauko kan na kwance kuwa mako na shida ne, ranar da uban zai yi barci da minshari. Yaron ya fi kowa ƙosawa a kai wannan ɗigon. Da an zana masa shi a haka da har ya tsufa bai manta ba, amma ina amfanin darasin da ba a mantawa, alhali jarrabawa kaɗai ake fuskanta?

Magabata ma ka gyara musu kuskure. Al-Khwarizmi ya zauna a Bagadaza a ƙarni na tara ya rubuta aljabara da kalmomi zalla, ya cika ta da rabon gado da ciniki da awon fili, sai ka ce ilimi na mutane ne. Descartes na Faransa ya zo a 1637 ya ɗaura aure tsakanin lissafi da zane domin ido ya ga abin da alƙalami ke faɗi. Muhammad al-Kishnawi, Bakatsine, ya wallafa littafin lissafin hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sannu da ƙoƙarin hana yaranmu jin sunansa, kada su ɗauka lissafi gadonsu ne.

Ba za a manta da 'yan majalisarka ba. A gaida manhajar da ke gudu malami na bin ta da haki, da ajin da ya cika har ba hanyar da zai ratsa ya duba littafin na baya, da tambayoyin zaɓi-ɗaya na jarrabawar BECE da ba su bambance wanda ya gane da wanda ya canka. Malamin da ya so ya tsaya ya yi bayani, su ne ke tuna masa cewa akwai babi biyar a gabansa, sai bawan Allah ya haɗiye bayaninsa ya koma waƙa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin shekara tara a makaranta kyauta, kai kuma ka tabbatar an cika shekarun cif, ba tare da ka takura wa kowa da fahimta ba.

Ga ribar nan muna gani. Da an shiga babbar sakandare an ce wa zai je ajin kimiyya, sai yaranmu su sunkuyar da kai, wasu ma daga nan sai kasuwa. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021, jirgin Red Line ya fara tsayawa a tashar Agege a 2024, kuma kowanne sai da wani ya zauna ya lissafa gangararsa da inda zai taɓa ƙasa. Ka hutar da 'ya'yan Zango wannan ciwon kai, ka bar musu tura baro a ƙarƙashin gadar.