Ƴan Jaridar Gobe Sun Zo Hutu Difa

Jami'ar Difa, da aka kafa a 2014, noma da muhalli ta sa gaba. Saboda haka yaron da ya ci jarrabawar bak ya ce shi aikin jarida yake so, sai ya ɗaure kaya. Wani ya nufi Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,300, ya shiga makarantar koyon aikin jarida da aka daɗe ana kira IFTIC. Wani ya ƙetare kogin Kumadugu ya faɗa Jami'ar Maiduguri, mai ɗan hali kuma ya zarce Bayero a Kano. Da an yi babban hutu sai su dawo gida, kowa da takardar neman estaj, wato gwajin aiki, a hannu, su cika gidajen rediyon gari. A nan ake gane abin da kowa ya je ya kwaso.

Wanda kunne ke riga ido gani shi ne Mai Murya. A gindin rediyon kakansa ya girma, daga Muryar Sahel a murɗa zuwa Landan, kuma abu ɗaya ya kai shi makaranta: ranar da zai faɗi sunansa a ƙarshen rahoto. Tun shekarar farko ya ajiye muryar da Allah ya ba shi ya ɗauko wata daga can ƙasan ƙirji. Da ita yake sayen ƙosai, da ita yake cinikin kuɗin mota. In ya gama waya da uwarsa sai ya rufe da sunansa da na ubansa, ya ƙara da "daga Difa a Jamhuriyar Nijar", alhali tsohuwar tana cikin gida, shi yana zaure. Miƙa masa takarda ka ce ya rubuta labari layi biyar, ka ga yadda gumi ke karyowa.

Sai Malam Tiyori. Shi ya yi karatu, ba a raba shi da wannan. Ya san Lasswell, Ba'amurken da ya tsara tambayoyin sadarwa a 1948: wa ya yi magana, me ya ce, ta wace hanya, da wa, me ta haifar. Matsalarsa ba ya iya tambaya guda ɗaya tak. Aika shi gonakin tattasai na bakin kogi, ka tsaya gefe. Zai durƙusa gaban dattijo, ya kunna rakoda, ya fara: "Baba, idan muka yi la'akari da sauyin yanayi a ɓangare guda, da kuma yanayin tsaro a ɗaya ɓangaren, ba tare da mun manta da matsayin mata ba..." Kafin ya kai aya, injin ban-ruwa ya shanye rabin mansa. Dattijo ya goge hannu a riga ya ce, "Ɗana, wanne zan amsa?" Da ya ga yaron ya rasa ta cewa, sai ya shiga faɗin abin da ke cin ransa: yadda aka taƙaita taki da mai bayan 2015 har gonaki suka kwanta, yadda Kumadugu ta yi ambaliya a 2019, ta sake a 2022, ta tafi da shuka da bashin da aka ci a kanta. Labari ke nan da ƙafafunsa. Malam Tiyori kuwa ya riga ya kashe rakoda, don wannan ba ya cikin tsarin da ya zo da shi.

Ɗan Maiduguri da ɗan Yamai ba sa zama inuwa ɗaya. Wannan ya ce digirinsa shekara huɗu ne, wancan ya ce lisans ɗinsa uku ce amma mai nauyi. Wannan ya jefa Ingilishi, wancan ya rama da Faransanci, gardama ta kai la'asar. In mai shayi ya zo karɓar kuɗi, su biyun da naira suke biya.

Akwai wanda tsautsayi ya kai karatun jarida. Likita ya so zama, makin bak bai kai ba, wani kawu ya ce ga gurbi. Dangi har yau ba su gane me yake karantawa ba, don haka duk wayar da ta faɗa ruwa da duk rediyon da ya mutu a unguwa ɗakinsa ake kaiwa. Abin mamaki, ya fara iya gyarawa.

Ɗan ONG, wato mai harin ƙungiyoyin agaji, ya fi kowa sanin inda ya dosa. Yana yaro aka kai hari Bosso da Difa a watan Fabrairu na 2015, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana babura, ƴan gudun hijira suka jeru a bakin kwalta. Sai ga ƙungiyoyin agaji sun cika gari da fararen motoci masu dogayen eriya. Yaro ya duba ya ga waɗanda ke cin abinci sau uku, ya yanke shawara. Shi ba ruwansa da farautar labari. Jami'in sadarwa na ƙungiya yake so ya zama. Ya riga ya ɗinka falmaran mai aljihu takwas. Hoto iri ɗaya ya ƙware a kai: hannu mai bayarwa, hannu mai karɓa, tambarin buhu ya fito sarai, kuma a roƙi tsohuwa ta ɗan yi murmushi. Duk otal ɗin da ake taron bita yana jin ƙanshinsa daga nesa, kuma kafin ya tambayi me za a tattauna ya tambayi nawa ne perdiyem. Ni dai ba na saurin ganin laifinsa. Wanda ya san abin da ƙaramin gidan rediyo ke ba ma'aikaci a ƙarshen wata, in ma an bayar, zai sassauta masa.

Wanda nake tsoro shi ne Ɗumi-Ɗumi. Darasi ɗaya ya kama a aji, cewa labari ba ya jira. Ranar da aka koyar da tantancewa yana barci. Taya ta fashe kusa da tasha, kafin ƙura ta lafa ya watsa a WhatsApp, da jajayen alamu jere, "majiya mai tushe" ta tabbatar masa. Majiyar ƙanensa ne. A wani gari abin dariya ne, amma a garin da mutane suka san ƙarar gaske, ƴan kasuwa na rufe shaguna, uwaye na rugawa makaranta ɗauko yara. In ka tuna masa akwai dokar laifukan intanet tun 2019, sai ya ce ai ya rubuta "Allah ya sa ba gaskiya ba ne" a ƙasa.

Can a kusurwa akwai wata da ba a cika lura da ita ba. Ba ta da falmaran, muryarta ma siririya ce. Amma tana jin Barbarci, tana jin Fulatanci, ta san ba a shiga ƙauye sai an gaida Bulama, ba a kuma ciro makirufo sai an sha ruwa an tambayi lafiyar yara da dabbobi. Makarantarta da Faransanci ta koyar da ita, mutanen kwarin nan kuwa da waɗannan harsuna suke faɗin damuwarsu. Tambayarta kalma biyar ce, sannan ta yi shiru. Mai sayar da bandar kifi ya ba ta lissafin harajin hanya tun daga bakin tafki, matan da suka baro Bosso suka gaya mata abin da ba su gaya wa masu fararen motoci ba. Ta dawo da yamma ƙafa duk ƙura, ta zauna ta fassara, ta yanke, ta rubuta. Shugaban sashe ya karanta ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai yana buƙatar murya mai nauyi. Da ƙarfe takwas na dare Mai Murya ya karanta shi, ya kuma rufe da sunansa da na ubansa.