Mangwaro a Bokitin Fenti

Kowa a Wuro Hausa ya san ba a dasa mangwaro da reshe. Ƙwallo ake shukawa, in ya tsiro a aura masa iri mai kyau. Ni kuwa YouTube ta nuna mini wata dabara: a rataya yankakken reshe cikin duhun mazubi, ƙaramin famfo yana yi masa feshi, ba ƙasa ba taki, sai ga saiwa fara fat. Ba ƙarya ba ce, cibiyar IITA ta Ibadan da haka ta yawaita irin doya daga yaɗonta, a Peru ma haka ake yi wa dankalin Turawa. Na ce tunda doya ta yarda, mangwaro ma ya yarda.

Na huhhuda murfin bokitin fenti, na sayo famfon tankin kifi a kasuwar Jimeta. Abin riƙe rassan kuwa silifan yara na yayyanka, har yau autan yana cigiyar wari ɗaya. Na jera mangwaro, gwaba da lemun tsami.

Mai bidiyon nan bai taɓa kwana a Yola cikin Afrilu ba. Saiwa ruwan digiri 20 zuwa 25 take so, mu a inuwa ma mun haura 40, ga famfon kansa yana ƙara ɗumama ruwan. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, sai gindin reshe ya yi yauƙi ya ruɓe. In kuma aka ɗauke wuta feshi ya tsaya, abin da ke rataye a iska nan da nan yake yaushi. Haka na koma tashin dare da tocila da kwalbar feshin guga. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ko ranar da na haifi ɗan fari ban ga wannan hidimar ba."

Don ruwan ya yi sanyi na mayar da famfon cikin randarta, na jawo tiyo ta bayan ɗaki. Randa a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, tana gurnani cikin dare, ga tsamin ruɓaɓɓen ganye yana tsallaka katanga. Maganar da ta zaga unguwa ita ce Malam ya fara dafa burkutu.

Jauro da kansa ya yi sallama bayan la'asar. Muka gaisa, "Jam na?" "Jam," idonsa na kan tiyo. Na ɗaga murfin da alfahari, domin a cikin baƙaƙen tsinkayen nan reshe ɗaya ya fitar da saiwa biyu farare. Ya duƙa ya ƙare masa kallo.

"Malam, wannan ba gwaba ba ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Bayan gidana tsuntsaye sun shuka ta har ta ishe ni. Turo yaro da fartanya. Randar kuma a mayar wa mai ita, ta kai ƙara wajen iyalina."