Mai salansa yana neman shiru

Daren Talata ɗan maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya durƙusa har ƙasa: "Baba, don Allah a ɗan rage rediyo, ina sauraren motona."

Wannan yaro fa shi ne ya kwance salansar da Haojue ɗinsa ya zo da ita, baiwar Allah da ba ta taɓa tada ko kaza ba, ya tafi Katako ya sayo wata mai faɗin baki ya ɗaura. Tun ranar, duk Gudel ta san lokacin da yake fita sayen burodi. In ya hau gadar Seyni Kountché, wadda aka buɗe a 2021 don a rage cunkoso, shi kuwa ya ɗauka don gwajin salansarsa aka gina ta, mutanen Harobanda kan ji zuwansa tun yana wannan gaɓa. Wani mai kwalekwale ya rantse mini dorinai sun yi ƙaura zuwa Bubon.

To ashe cikin duk wannan aradu akwai wata 'yar ƙara, tsit-tsit-tsit, da ke hana shi barci. Shi! Barci!

Washegari fada ta zauna. Aka ɗora shayi, moto na tsakiya. Wani ya ce fulogi ne, wani ya ce man bumburutu aka sha, wani ya ce baki ne, a nemo rubutu. Mai moto ya nemi kowa ya yi tsit. Aka kashe waƙar waya. Aka roƙi mai markaɗe ta dakata. Aka kori akuya. Har yaro aka tura ya duba ko ladan ya kusa, kada kiran salla ya ɓata bincike. Sannan ya murɗa totur har ƙarshe, ya kafa kunne, ya ce bai ji da kyau ba.

Tsohon makaniken bakin titi bai ko tashi daga benci ba. Ya ce a bari inji ya huce, a duba inda wuyan salansa ya haɗu da kan inji: in akwai baƙin hayaƙi a gefen, nan take tsiyaya. A shafa ruwan Omo a tada; inda kumfa ta taso, shi ke nan. Zoben tagullan da ke tsakani sau ɗaya ake matse shi, yaron kuwa tsohon zoben ya mayar. Tas-tas ɗin da yake taƙama da shi in ya saki totur, iska ce ke kutsawa. In kuma bai gyara kafireto ba, mai zai yi wa injin kaɗan, ya yi ta zafi har bututun ya koma shuɗi.

Jikka nawa ya zuba a salansa? Zoben da bai kai kuɗin shayin fada ba ne ya gagare shi.

Ni abin da ya fi ci mini rai, akwai jariri a gidanmu da tsohuwa mai hawan jini, kuma ba wanda ya taɓa kiran fada a kansu.

Sai maganar Omo. Na uwarsa ya ɗauko, wanda ta ajiye don wankin Juma'a, ya juye rabin leda a bokiti. Hajiya ta fito da muciya. Muryar da ta ɗaga ta danne ta salansar gaba ɗaya, kuma yanzu fada na shawarar yadda za a haɗa mata kuɗin wani, don ta ce ba na awo take so ba, sai mai leda.