Mutanen Teburin Tanis a Aliero

An san Aliero da albasa, da masu ɗorin karaya, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006. Amma in la'asar ta yi sanyi akwai wata makarantar da ba ta da rajista, wato teburin tanis na gindin dogonyaro, inda wanda aka cinye ke biyan kuɗin tebur. Wasan nan na ƙafa ne da ido, hannu na uku ne a layi. Yawancin ɗaliban wurin sun kifa wannan lissafi.

Ga Turke. Inda ya dasa ƙafa a bugun farko, nan za a tashi a bar shi. Faɗin teburin mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, taku biyu na gefe sun ishe shi, amma sai ya miƙa hannu, ya miƙa wuya, har harshe yake miƙawa. Ka ce ya ɗan lanƙwasa gwiwa ya tsaya bisa yatsu, ya ce shi ba rawa ta kawo shi ba. Masu ɗorin garin nan ba za su taɓa cin sisinsa ba, ko targaɗe ba ya yi.

Sarkin Duka kuwa bai san lallaba ba. Ƙwai ya zo sama, duka. Ya zo ƙasa da raga, duka. A cikin goma, tara sai an tura yaro bayan katanga. Ɗayan da ya faɗa tebur kuma, yau labarinsa na kasuwar Jega, gobe ya isa Maiyama.

Shi Mai Uzuri ba a taɓa cinye shi ba, cin amanarsa ake yi. Robar bat ta saki. Tebur ya karkace. Wani ya yi tari. Mai babur ya danna oda. In duk sun ƙare, sai ya ɗaga kai sama: "Wagga iska ta hana ni!" A nan kam yana da 'yar gaskiya, don ƙwan nauyinsa giram 2.7 ne kacal, iskar hunturu tana wasa da shi yadda ta so. Abin mamakin shi ne, in an sauya gefe iskar ma sai ta tattara ta bi shi. Ainihin ciwonsa ido ne: kafin ƙwai ya taɓa bat ɗinsa ya riga ya juya yana duban ko 'yan kallo sun shirya tafi.

Ɓarawon Sabis yana dunƙule ƙwai a hannu, ya kare da kafaɗa, sai dai ka ji ƙas. Doka ta ce a buɗe tafin hannu, a cilla sama aƙalla santimita 16, abokin karawa yana gani. Ka faɗa masa, ya ce wannan dokar ta 'yan Legas ce.

Akwai Baba Tsohon Hannu, wanda har yau 21 yake ƙirgawa. Tun 2001 aka mayar da wasa maki 11, amma labarin bai iso masa ba, musamman ranar da aka riga shi kaiwa 11.

Koci na kan benci shi ne gwanin baki. Ya san Aruna Quadri ya doke Timo Boll na Jamus a Olamfik ta Riyo a 2016 har ya shiga cikin takwas na ƙarshe, ya san Segun Toriola ya je Olamfik sau bakwai. Yana kiran sunan Aruna kamar tare suka yi makarantar allo. "Motsa ƙafa! Dubi ƙwai!" Shawararsa kuwa daidai take, abin haushin ke nan. Miƙa masa bat, ka ji kafaɗa ta motsa tun shekaranjiya.

Sai ɗan yaron da ke tsinto ƙwai bayan katanga. Ba ya magana. Da yake kullum a tsugune yake, ya saba kallon bat ɗin mai sabis: in ya shafi ƙwan ta ƙasa ya san zai nutse a raga, in ta sama ya san zai yi tsalle. Ƙafarsa na isa wuri kafin hannunsa, yana bugawa ya koma tsakiya. In ya ce maka, "Yaya, zo mu ɗan taɓa," ka laluba aljihu tukuna, don kai za ka biya kuɗin tebur.