Motar Alhaji Ba ta Sayarwa Ba Ce

Ranar Talatar nan wani mai amalanke ya ɗauko buhunan aya daga gona a Gidan Sori, ya iso lungun da ya saba bi, ya tarar an kewaye gawar Fijon nan ta ƙofar gidan Alhaji da igiya. Shekara da shekaru yana gogar gefenta ya wuce, ba wanda ya ce masa kanzil. Yanzu kuwa har yaro aka dasa a kan benci yana gadi. "Kawu, sai dai ka zagaya," in ji yaron. "Baba ya ce kada kowa ya ƙara taɓa ta, Turawa na nan tafe."

Ashe ɗan Alhaji da ke Maraɗi ne ya turo masa bidiyon wani gwanjo a Turai, inda masu ƙwat ke ɗaga hannu suna ƙara kuɗi a kan tsohuwar mota. Alhaji ya hango zakin nan a hancinta, ya leƙo waje ya ga zaki a hancin tasa, lissafi ya ƙare.

Wadda ya gani a waya Peugeot 205 Turbo 16 ce. Guda 200 kacal kamfanin ya ƙera na hawa titi a 1984, su ma don dokar tsere ta tilasta ne. Injinta a bayan direba yake, ƙafafunta huɗu duka suna ja, ga turbo, wato farfelar da hayaƙin salansa ke juyawa ta riƙa cusa wa inji ƙarin iska. 'Yar'uwarta ta tsere ta ci kambin duniya a 1985 da 1986, sannan Ari Vatanen ya ratsa hamadar Nijar da ita ya lashe Paris-Dakar a 1987. Shi ya sa mai lafiya a cikinsu ke haura Yuro 100,000, sama da sefa miliyan 65 ke nan.

Ta Alhaji 504 ce akori-kura, haɗin Kaduna.

Ba raini ba ne. Motar da ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da masana'antar PAN mai haɗa Fijo ta fara aiki a Kaduna, ba a yi mata kallon banza. Ita ta yi dakon gyaɗa da gero da amare da majinyata tsakanin Gidan Rumji, Agye da Gazawa, ana ɗora mata abin da jaki goma za su ƙi. Amma an ƙera irinta fiye da miliyan uku, kuma abin da ya haɗa ta Alhaji da turbo shi ne hayaƙi, wanda a zamanin ƙuruciyarta takan bar wa na baya kyauta.

Masu tara tsofaffin motoci abu uku suke tambaya: kayanta na asali ne, tafiyar kilomita nawa ta yi, kuma ina takardun tarihinta. Kayan asali dai an sayar da injin tun zamanin Shugaba Tandja, ƙofar hagu ta 404 ce, gilashin baya buhun taki ne, tayoyi sun zama takalma, tubala huɗu ke riƙe da ita. Batun kilomita kuwa Alhaji na da gaskiya, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba tun lokacin. Tarihi kuma yana hannun kaza.

Wata jar kaza ce ta kama kujerar direba, ta gaje ta daga uwarta, uwar ta gada daga kakarta. In za a bi salsala, zuriyar kajin nan ta fi Alhaji daɗewa a bayan sitiyari, kuma ita kaɗai ta taɓa fitar da riba daga motar ba tare da ta sayi litar mai ko ɗaya ba. Ba ta taɓa yin haɗari ba. Jandarma bai taɓa tsayar da ita ba. Uwargida, wadda kazar tata ce, ta riga ta sanar cewa in Bature ya zo sai an zauna da ita, don mai haya ba a tashinsa da daddare, balle mai kwanci. An ce babban ɗan gidan ya fara tambayar malami ko ƙwan da aka saka a cikin dukiyar gado yana shiga rabo. Jar akuyar da ke kwana a bayan motar ba ta ce komai ba tukuna, amma ta cinye rabin igiyar gadi, wanda masu lura ke ɗauka a matsayin shigar da ƙara.

Mai wannan shafi zai so ya tsaya a kan dariya, sai dai lungun na jama'a ne. Da damina ruwa na kwanciya a ƙarƙashin wannan ƙarfe, sauro ya yi gida, yaran maƙwabta su kwanta da zazzaɓi. Da rani maciji ne da kunama. Ranar da naƙuda ta kama wata cikin dare, amalanken da zai kai ta likita sai ya zagaya unguwa guda saboda tarihin Alhaji. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taya sau ba adadi, ya kore su, yana cewa "albarka" da muryar wanda aka zaga. Mutumin da ke hawa bayan babur ɗin haya zuwa kasuwa, amma in an tambaye shi sai ya ce motarsa na gida ana ɗan gyara, girmansa yake gadi, kuma maƙwabta ke biyan kuɗin gadin.

Wannan ciwo na jiran baƙon da zai zo da jakar kuɗi ya sayi tarkace ma ba na Gidan Sori kaɗai ba ne. A 2009 ji-ta-ji-ta ta game Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer na ɗauke da wani sinadari, jan makyuri, mai tsadar gaske. Mutane suka riƙa yawo kasuwa suna kara wayar salula a jikin allura, wai in layi ya ɗauke to akwai shi a ciki. Keken da ba ya ɗinka ko ɗan kamfai ya koma riyal dubbai. A nan ma an yi yayin farautar dutsen guga mai zakara da tsofaffin kwabbai masu huda, tsofaffi suka ɓoye nasu a ƙarƙashin gado, gidaje suka koma zuwa sallar Juma'a da yamutsattsun riguna. Gwajin waya dai ba zai yi aiki a karkararmu ba, don layi na ɗaukewa ko ba keke a kusa, da kowane gida ya zama na attajiri.

Jan makyurin nan babu shi, ba a taɓa samun ko ɗigo ba. Ranka ya daɗe mai gari, a taimaka a aiko samari takwas da igiya mai ƙwari su ja motar zuwa bayan gida. Baturen in ya zo, a yi masa kwatance.