Jinjina ga Jirgin Ƙasan Jamus

Gaishe ka dogo ɗan ƙarfe, fari mai jan ɗamara, Deutsche Bahn uban tafiyar masu neman ilimi, basaraken da ba a yi wa gaggawa, mai zuwa sa'ad da ya ga dama, in ya zo kuma ba mai tambayarsa inda ya tsaya. Allah ya ja zamaninka kamar yadda kake jan lokacin bayin Allah.

Ɗalibi ko malamin da zai je Jami'ar Bayreuth, wadda ta yi suna wajen nazarin Afirka, ya fi kowa dacewa da wannan baiwa. Jirgin sama, sarkin garaje, yakan kwaso shi daga Abuja da dare ya dire shi a Frankfurt da asuba, awa shida da 'yan kai, ko damar yin tunani a kan rayuwarsa bai ba shi ba. A nan mai martaba yake karɓar baƙonsa ya fara koya masa natsuwa.

A shekarar 2024 jiragensa na dogon zango sun cika alƙawarin lokaci da kashi 62.5 cikin 100. A jami'o'inmu wannan ai sakamakon B ne, har walima ana yi. Ga kuma hikimar lissafi wadda masana za su daɗe suna sha'awa: jirgin da bai kai minti shida da makara ba, ya zo a kan kari. Wanda aka soke shi ɗungurungum kuwa ba ya shiga lissafin ma sam, domin wanda bai zo ba ta yaya za a ce ya makara? Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ba bawansa irin wannan basira.

Dubi yadda yake kula da lafiyar baƙo. Mutum na tsaye da akwati biyu, kowanne kilo 23, ɗaya maƙare da littattafai, ɗaya da kuka da daddawa da yaji. Saura minti uku sai wata murya mai daɗi ta sanar, da Jamusanci tsantsa don baƙo ya fara karatu tun daga tasha, cewa yau jirgin a wani dandamalin zai tsaya. Sai a ga jama'a sun kwasa a guje, farfesa na haki a kan matakala, babbar riga na harɗe masa ƙafa, na'urar hawa kuwa tana hutunta. Yana isa ya tarar an juya jerin taragun, kujerar da ya biya kuɗinta tana can ɗaya ƙarshen. Wane likita ne ya taɓa sa dattijo motsa jiki haka kyauta?

A Nuremberg ake canjin jirgi, galibi bayan wanda za a shiga ya riga ya tashi, don baƙo ya samu sararin ganin gari. Daga nan kuma akwai jirgin da ke rabewa biyu a hanya, rabi ya nufi Bayreuth, rabi ya yi wani wajen. Da tikiti ɗaya mutum na iya ganin garin da bai taɓa mafarkin zuwa ba.

Mahassada dai ba a rasa su. Mutanen Suwizalan, bayin agogo, sukan tsayar da jirginsa a Basel in ya makara, wai kada ya ɓata musu tsari. Wasu kuma na gunaguni a kan sabuwar tashar Stuttgart, wadda aka fara ginawa a 2010 da niyyar buɗewa a 2019, shekarar ta zo ta wuce ana ta aiki. Sun manta sannu ba ta hana zuwa.

Kyauta kuwa sai ɗan sarki. Ya makarar da kai awa ɗaya ya mayar maka da rubu'in kuɗinka, awa biyu ya ba ka rabi, muddin ka cike takardar nema. Laccar da ka rasa kuma daga baya ka ji labarinta.

Saboda haka, ya kai mai shirin gabatar da maƙala ranar Talata, ka sauka Frankfurt tun Lahadi, ka riƙe carbinka da guzurinka, kuma in mai martaba ya iso kada ka kuskura ka duba agogo a gabansa.